Bindigar Dogo a Hannun Gajere

Yau ba sanarwar taro na zo da ita ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba, saboda haka masu wucewa da sauri in sun ga rubutun sakatare su ɗan dakata.

A zaman da muka yi kwanan baya kan sintirin dare, ina cikin rubuta bayanin taro sai idona ya faɗa kan wani matashi a layin baya. Ɗan ƙaramin jiki ne, kuncinsa na dama ya kumbura, ƙasan idon ya yi baƙi. Da aka tashi na ja shi gefe na tambaye shi abin da ya same shi. Ya ce, "Ba komai Baba, ƙofa ce ta buge ni." Na ce to ɗaga mini hannunka na dama sama. Ya ɗaga yana cije leɓe. Sai na yi dariya, don na san wannan ƙofar sarai, ta yi shekaru tana buguna. Ba zan faɗi sunansa ba. Labarin kaina zan bayar, shi da ire-irensa su ɗauki abin da zai amfane su.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dogo ne na gaske. Waɗanda suka san gidanmu a Yerimaram sun san sai ya sunkuya yake shiga zaurensa. Ni kuwa Inna na ɗauko. Tun daga firamare har na gama difloma, duk inda aka yi layi ni ne a gaba. Da Baba ya rasu aka raba abin da ya bari, bindigarsa ta faɗo hannuna, don ni ne nake bin sa gona da daji tun ina yaro, ni nake riƙe masa zabbi da fakara in ya harbo. Lasisi ba a gadonsa kamar gona, sai da na bi hanya na nemi nawa da sunana, kuma a wancan lokacin ana bayarwa.

Bindigar ta harsashi ce mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a sa harsashi guda a rufe. Baikal ce, ƙirar Rasha, mai lamba 12. A jikinta an rubuta da Turanci cewa a Tarayyar Sobiyet aka ƙera ta, kuma Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro mana jihar Yobe. Ke nan ta girmi jiharmu. Daga baya na gane samfurin da ake kira IZH-18 ce, wadda masana'antar garin Izhevsk ta fara fitarwa tun 1964. Ba ta da ado ko kaɗan, amma tana da jimiri kamar jaki, shi ya sa ta cika hannun mafarauta a ƙasashenmu. Nauyinta bai kai kilo uku ba. Ku riƙe wannan maganar ta nauyi, za mu dawo kanta.

A hannun Baba kamar sandar kiwo take. Yana ɗaga ta sai ta zauna a gurbinta. Ni kuwa ranar da na fara harba ta a matsayin tawa, sai da na ga taurari da rana tsaka. Ta haure ni a damtse, babban yatsana ya daki hancina, kunnena ya yi ta ƙara har dare. Washegari da ƙyar na ɗaga hannu na yi kabbara. Na ce rashin sabo ne. Na yi kaka uku ina fita da ita, sabon bai zo ba. Abokan fita suna tsokanata wai zabbin hanyar Fika sun san ni, in sun hango ni ba sa ko tashi. Ina dariya tare da su, in dawo gida in sa a gasa mini kafaɗa da ruwan zafi a ɓoye. Ban taɓa cewa kowa bindigar ta fi ƙarfina ba. Ɗan Dogo guda ya ce bindigar ubansa tana dukansa? Kunya ce ta rufe mini baki, kuma na tabbata ita ce ta sa yaron nan ya ɗora wa ƙofa laifi.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ba sai na tuna wa mutanen Potiskum ba: harin kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, dokar ta-ɓaci a 2013, bam ɗin makarantar sakandaren kimiyya a watan Nuwamba na 2014. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Babu mai hankalin da zai saɓa bindiga ya nufi daji a lokacin. Na shafe ta da baƙin man mota kamar yadda na ga ana yi, na naɗe ta da tsohon bargo, na jingine ta a bayan akwati gindinta a ƙasa. A ganina na adana ta ke nan.

Bayan abubuwa sun lafa, wata kaka na ɗauko ta, na goge bayanta da tsumma, na zura sanda a bututun sama-sama, muka tafi gona da ɗan yayana, yana da shekara goma sha biyu a lokacin. Sanyi ya fara, na sa rigar sanyi mai kauri a kan kaftani. Muna cikin karan dawa sai zabbi suka tashi a gefen hagu. Na yi wuf zan ɗaga, gindin bindigar ya sarƙe a rigar a ƙarƙashin hammatata, yatsana kuwa yana kan kunama. Ta tashi. Bakinta yana kallon ƙasa, harbin ya tone ƙasa bai fi taku biyu daga ƙafar yaron ba, tsakuwa ta fallatsa ta fasa masa ƙwauri. Ya tsaya yana kallona bai ko yi kuka ba. Ni ne na zauna dirshan a kunya, jikina yana rawa. Da Allah bai tsare ba, da wane baki zan shiga gidan Yaya?

Laifi biyu ne, kuma duka nawa ne. Yatsa ba ya hawa kunama sai gindi ya zauna a kafaɗa, wannan Baba ya koya mini tun ina ɗan ƙarami. Na biyun shi ne na daɗe da sanin bindigar ta yi mini tsawo, na ƙi faɗa.

Akwai wani dattijo a garin nan, tsohon ma'aikacin ɗamara ne, ya yi aikinsa a ɗakin ajiyar makamai, bayan ya yi ritaya ya riƙe takardar izinin gyaran bindigogin farauta. Baba Saje muke ce masa. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta masa. Wurinsa na kai ta da takarduna. Bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya karya ta, ya ɗaga bututun ya duba ta hasken ƙofa, ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, da wannan ka fita?" Na ce eh. Ya ce, "To ka yi sadaka."

Ya miƙo mini na duba. Can kusa da baki akwai ragowar laka manne a gefe ɗaya. Gidan zanzaro ne. Sandar da na zura ta fasa shi, harbin ya kwashe sauran. Ya ce da gidan ya cika bututun, da a hannuna za ta tsage. Bututun bindigar harsashi siriri ne wajen baki, duk abin da ya toshe shi, laka ce ko ƙasar da ta shiga lokacin da mutum ya yi tuntuɓe, yana iya kumbura shi ko ya fasa shi. Ya ce ya ga fiye da ɗaya da suka fashe saboda tsumman da masu su suka cusa a baki don hana zanzaro, suka manta suka harba. In za a rufe baki, a ɗaura masa wani abu daga waje inda ido zai gani, kada a cusa komai a ciki. Kuma kafin a sa harsashi, kowace rana, a karya a leƙa a ga haske ya fita tas.

Sannan ya cire katakon gaba, ya riƙe ta ta gindi ya girgiza yana saurare. Ya ce yana neman ya ji ko bututu yana motsi a mahaɗarsa. Tsohuwar bindiga mai karyawa a nan take fara mutuwa: ƙusar da take juyawa a kai ta cinye, sai a sami 'yar kafa tsakanin bututu da fuskar ƙarfen da ke bayan harsashi. In haske yana wucewa ta wurin, ko ana jin ƙwas-ƙwas, a ajiye ta har mai gyara ya gani. Tawa ba ta motsa ba. Ya duba makullin kunama, ya ɗana ta babu harsashi, ya buga gindinta da tafin hannu ya ga ko za ta sauka da kanta. Ba ta sauka ba. Tsatsa ta ɗan ci bayan bututun inda bargo ya riƙe raɓar damina, amma ciki bai yi ramuka ba. Ya ce ƙarfen yana da sauran rai. Inda na yi ɓarna shi ne katako. Baƙin man da na shafa ya yi shekaru yana gangarowa yana shiga wuyan ƙotar, wurin ya yi baƙi ya yi laushi, har wata 'yar tsaga ta fara. Irin wannan tsagar ce mutane ke naɗewa da waya ko robar tayar keke su ci gaba da harbi. Ya ce waya tana ɓoye ciwo ne kawai. Ya yi kwanaki yana fitar da man da rana da garin alli, sannan ya buɗa tsagar ya ɗura mata gam mai haɗi biyu ya ɗaure ta.

Da aka gama da lafiyar bindiga sai ya juyo kaina. Muka fita bayan gari inda akwai gaɓar kwazazzabo. Ya juya mini baya ya sa harsashi, ya miƙo, ya ce in harbi wani kwali. Na saita, na ja kunama. Ƙyas kawai na ji. Ashe kwanson da aka riga aka harba ya sa. Amma ni na riga na runtse ido biyu, na ja kai baya, bakin bindigar ya duƙa ƙasa kamar mai gaisuwa. Baba Saje ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka gani? Kafin ta dake ka, ka riga ka gudu. Ba rashin saiti ke damunka ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili."

Ya sa na ɗaga ta na tsaya, ya zagaya ni yana nuna mini kaina. Saboda tsawon ƙota, gindin ba ya shiga lungun da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji, sai ya zauna a kan damtse inda babu abin da zai tare hauri. Hannuna na hagu ya miƙe sambal don ya kai ga katakon gaba, ba shi da sauran ƙarfin juya bututu. Don in ɗauke nauyin da ya yi mini nisa, sai na gantsare baya, nauyina ya koma ƙafar baya, kamar mai jiran a ture shi. Kuncina kuma ba ya kwanciya a katako, yana shawagi a kusa da shi, shi ya sa in ta tashi take marina. Ya ce bindigar harsashi ba ta da abin saiti a baya, idonka shi ne saitin baya. In kunci bai kwanta wuri ɗaya a kowane ɗagawa ba, kowane harbi da inda zai tafi.

Ya kuma gwada idona. Ya ce in nuna wata bishiya da yatsa idona biyu a buɗe, sannan in rufe na hagu. Yatsan bai kauce ba. Ya ce alhamdu lillahi idon dama ne ke jagora. Wanda yatsansa ya yi tsalle, idonsa na hagu ne mai mulki, in yana harbi ta kafaɗar dama zai yi ta kuskure ko da an gyara masa ƙota.

Daga nan ya kawo tef ɗin awo. Daga kunama zuwa tsakiyar gindi inci 14 da kwata ne, kusan yadda ake ƙera yawancinsu, don an auna su ne da jikin matsakaicin Bature. Akwai awon da kowa ya sani, a sa gindi a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama. Nawa da ƙyar ya taɓa ta. Amma ya ce wannan awon kusa-kusa ne kawai, don bai san tsawon wuyanka ko faɗin ƙirjinka ba. Awon gaskiya shi ne ka ɗaga ta yadda za ka harba, da rigar da kake fita da ita, a duba tazarar hancinka da babban yatsanka. Faɗin yatsa biyu zuwa uku ake so. Maganar riga kuwa ba ƙarama ba ce. Maharbin da ke sa riga mai layu a kan rigar sanyi ya ƙara wa ƙotarsa tsawo bai sani ba. Hukuncinsa shi ne inci 13 ya dace da ni, sai an yanke katako.

A nan rigima ta tashi a gida. Yaya ya ce sam. Ya ce wurin nan da za a sa wa zarto shi ne inda kafaɗar Baba ta goge har ya yi sheƙi, in ba zan iya da ita ba in kawo ya rataye ta a ɗakinsa. Ya faɗi maganar da ta yi mini zafi, wai mutum shi ke tashi ya kai ga kayan ubansa, ba a rage kayan su sauko masa. Ban iya ba shi amsa ba, don ɗansa ne na kusa harbewa, kuma ni ma zuciyata ba ta son zarton. Muka kwana biyu ba ma haɗa ido.

Inna ce ta raba gardamar, tana zaune tana tsinkar zogale ko kallonmu ba ta yi ba. Ta ce da Yaya, "Babbar rigar Malam da ƙaninka ya gada, da wacce yake zuwa Idi?" Yaya ya ce da ita. Ta ce, "Haka yake jan ta a ƙasa?" Ya ce a'a, an kai wa tela ya rage. Ta ce, "To ban ji ka yi magana ba a lokacin. Riga ba ta kashe kowa ma aka rage ta." Yaya ya yi shiru. Da dare ya aiko cewa in an yanke a kawo masa guntun.

Baba Saje ne ya kwance ƙotar da kansa, akwai dogon noti da ke riƙe da ita ta cikin gindi. Ƙarfen ya zauna a wurinsa, katakon kaɗai muka kai wa kafinta, shi kuma yana tsaye a kansa. Kafin a yanka ya sa aka huda ramuka biyu masu zurfi daga gindi, ya ce saboda wata rana in an so mayar da guntun, sai a sa 'yan sanduna a ramukan ya koma daidai inda ya fito. Aka naɗe wurin yankan da tef don kada katako ya tsattsage, aka ja layi daidai da karkatar gindin na asali. Wannan karkatar ya ce kada a raina ta, in aka canja ta ƙasan gindin zai riƙa sukar ƙirji ko ya riƙa zamewa. Bai yarda a yanke gaba ɗaya ba. Aka fara cire kaɗan, ya mayar, na ɗaga, ya duba, aka sake. Ya ce abin da zarto ya ci ba ya amayarwa. A ƙarshe abin da ya fita, katako da tsohon marfin gindin mai tauri, ya kai inci 2, aka mayar da roba mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci. Mutane da yawa suna mantawa da lissafa kaurin robar, sai su gama aiki su tarar ƙota tana nan yadda take.

Robar ma sai da muka yi muhawara. A garin da tirela ta fi komai yawa, kowa tayar mota zai ce maka. Ya ce taya ta yi tauri, ba ta shan komai. Wurin mai gyaran takalma muka samo roba mai laushi irin ta ƙasan silifa mai kauri, aka manna ta a kan siririn faranti, aka ɗaure da sukurori, aka goge gefen da samfefa har ya bi jikin katako. Ya sa aka ɗan zagaye saman don kada ya kama riga, abin da ya kusa jawo mini masifa ke nan. Baduku ya ɗinka mata 'yar rigar fata.

Na tambaye shi, tun da gaba ya ɗan rinjaya yanzu, me zai hana a rage bututun shi ma? Ya ɓata rai. Ya ce katako naka ne, ƙarfe ba naka ba ne. A bakin bututu akwai 'yar matsewa da ke tara ƙwayoyin dalma su tafi tare, in ka yanke ka zubar da ita. Ban da haka Dokar Makamai ta 1959 ta hana a gajarta bututun irin wannan bindiga ƙasa da inci 20, ta kuma hana gyaran bindiga sai ga mai izini. Abin da ya yi shi ne ya cusa ɗan dunƙulen dalma a ramin notin nan na cikin gindi ya toshe shi da tsumma don kada ya yi motsi. Nauyi ya dawo tsakanin hannuwana biyu, ya kuma rage hauri.

Ga maganar nauyin da na ce ku riƙe. Yawancinmu muna ɗauka ƙaramin mutum bindiga marar nauyi ta dace da shi. Wajen ɗauka haka ne, wajen harbi kuwa akasin haka ne, don marar nauyi ta fi hauri. Daga baya na karanta wata tsohuwar ƙa'ida ta W. W. Greener, maƙerin bindigogi na Birmingham a Ingila, cewa nauyin bindiga ya kamata ya ninka nauyin dalmar da take harbawa sau 96. Na zauna da kalkuleta. Harsashi mai giram 36 yana son bindiga mai kusan kilo uku da rabi. Mai giram 32 yana son kilo uku da ɗan ɗori. Mai giram 28 shi ne ya yi daidai da tawa. Ni kuwa duk shekarun nan mafi nauyi nake nema, wai shi ne mai ƙarfi. Zabo bai san bambanci ba in harbin ya same shi, kafaɗata ce ta sani. Nauyin yana rubuce a jikin kwali da jikin harsashi, ba mu dubawa ne kawai.

Akwai wata lambar da ta fi wannan haɗari. A jikin bututun tawa an buga 70, wato tsawon gidan harsashi milimita 70 ne. Ana sayar da harsashi mai 76, kuma zai shiga ya rufu lafiya lau, domin lambar tsawon kwanso ce bayan ya buɗe, ba kafin a harba ba. In ya tashi ba shi da wurin buɗewa, sai matsin ya hau kan tsohon ƙarfe. Wasu tsofaffin bindigogin Ingila ma 65 ne. Duk mai tsohuwar bindiga ya nemi wannan lambar ya haddace ta kamar lambar wayarsa. Harsashin da ya sha damina ya kumbura ko gindinsa ya yi tsatsa, a rabu da shi. In an ja kunama bai tashi ba, a bar bakin yana kallon inda babu kowa, a ƙirga talatin kafin a karya.

Ranar gwaji muka koma kwazazzabon da takardun buhun siminti. Ya auna yadi 16, ya yi baƙin ɗigo a tsakiya, ya ce kada in tsaya saiti, in ɗaga in harba kamar tsuntsu ne ya tashi. Na ɗaga, gindin ya shige lungun kafaɗa da kansa, kuncina ya kwanta. Na harba. Ta ture ni kamar yadda aboki ke ture ka da wasa. Na tsaya ina jiran zafin, bai zo ba. Harsashi uku muka yi, don ba arha gare shi ba, dukkansu suka taru ɗan sama da ɗigon kaɗan. Ya ce dalili shi ne da aka rage ƙota fuskata ta matso gaba inda katakon ya fi tudu, ido ya ɗan hau. A wannan nisan, kaucewar inci ɗaya a takarda tana nufin gyaran kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci a katako. Amma ya ce a bar ta haka, tsuntsun da ke tashi sama yake yi. Runtse idon kuwa bai bar ni a ranar ba. Sai da na yi makonni ina ɗaga ta a ɗaki babu harsashi, sau ashirin kowace safiya, kafin jikina ya yarda an daina dukansa.

Kulawar da nake mata yanzu ba ta da yawa. Duk ranar da na harba, ko sau ɗaya ne, a ranar nake goge cikin bututu daga baya zuwa baki, har tsumma ya fito fari, sannan in bi da wani mai ɗan danshin mai. Man keken ɗinki nake sawa in ban sami na bindiga ba. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, baƙin mai kuwa kun ji abin da ya yi mini. Da hunturu nakan rage mai sosai, don ƙura tana manne masa ta zama kamar samfefa a mahaɗa. Da damina nakan duba ta kowace Juma'a, in goge inda hannu ya taɓa, gumi gishiri ne. Ba bargo, ba kwana a cikin jakar fata. Tana tsaye bakinta a ƙasa a kan ɗan katako cikin kabad mai kwaɗo, harsasai suna wani akwatin dabam, makullan suna jikina. Ina kuma toshe kunne in zan harba. Baba a ƙarshen rayuwarsa sai an ɗaga murya ta kunnensa na hagu, muna cewa tsufa ne.

Kada wani ya karanta wannan ya ce sakatare ya ce a nemi bindiga. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 17 lasisi, kuma a watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da bayar da sababbin lasisi. Maganata da waɗanda tsofaffin bindigogi ke hannunsu bisa ƙa'ida ce, da shugabannin mafarauta da na sintiri da ke tsayar da yaro mai ƙaramin jiki a layi ɗaya da 'ya'yan mutane da dare, riƙe da abin da ba ya iya ɗagawa daidai. Yaron da na yi magana a kansa na ce ya turo mini mai bindigar mu zauna. Har yau bai zo ba, ina jiransa.

Guntun katakon yana wurin Yaya, a cikin akwatin da yake ajiye carbin Baba da hularsa. Yaron nan da na kusa raba shi da ƙafa ya girma, tabon yana nan a ƙwaurinsa, kuma kakansa ya ɗauko, shi ma sai ya sunkuya yake shiga zaure. Kwanaki ya ɗaga bindigar a ɗakina babu harsashi, hancinsa ya zauna a kan babban yatsansa. Ya ce, "Baffa, ai wannan ta yi mini kaɗan." Na ce ya je ya tambayi babansa abin da ke cikin akwati, ramuka biyun suna nan suna jira. Amma sai ranar da takarda ta fito da sunansa.